Mazaunin Wakilin Suna Jingau a Jimlar Girkanci: Tsari, Tarihi da Karin Harshe

Tsakure

Wannan maƙala ta duba ƙa'idojin da ke tantance mazaunin wakilin suna maras cin gashin kansa a jimlar Girkanci. An bayyana tsarinsa a daidaitaccen harshen na yau, an bi sawun sauyin da ya samu tun daga tsohon Girkanci, sannan an kwatanta shi da abin da ake samu a karin harshen tsibirin Kubrus da na Fontus. Maƙalar ta nuna cewa a tsawon tarihi wannan wakilin suna ya tashi daga dogaro da farkon jimla ya koma dogaro da aikatau, kuma wannan ƙaura ce tushen muhawarar da ake yi kan ko kalma ce shi ko ɗafi. A ƙarshe an nuna amfanin ma'aunan da aka gwada a kansa ga mai nazarin wakilin suna rakaɓau na Hausa.

1.0 Gabatarwa

A harsuna da dama ana samun wasu ƙananan kalmomi da ba sa iya tsayuwa su kaɗai a furuci, sai sun raɓi wata kalma ta kusa, amma kuma ba su narke a cikinta kamar ɗafi ba. Sunan da masana kimiyyar harshe ke kiran su da shi, wato kilitik, daga Girkanci ya fito, daga aikatau mai ma'anar jingina, domin tsofaffin manahawan Girka sun lura cewa irin waɗannan kalmomi suna jingina nauyin furucinsu ne ga kalmar da ta gabace su. Saboda haka a wannan maƙala za a kira su jingau, a kira kalmar da suke raɓa majingini. Wanda ya zo kafin majingininsa shi ne jingau-goshi, wanda ya biyo bayansa kuwa jingau-ƙeya.

Girkanci fage ne mai kyau na wannan nazari saboda yana da rubutaccen tarihi na fiye da shekara 3,000, kuma kare-karensa na yau sun sha bamban da juna a kan wannan batu. An rubuta misalan da haruffan boko: dh na wakiltar δ, th na wakiltar θ, kh na wakiltar χ. Alamar da ke kan wasali tana nuna gaɓar da ke ɗauke da nauyin furuci, tauraro kuma yana nuna jimlar da nahawu bai yarda da ita ba.

2.0 Sigogin Wakilin Suna

Girkancin yau yana da jeri biyu na wakilin suna a gurbin karɓau. Akwai katsattse, kamar eména (ni), eséna (kai ko ke), aftón (shi), aftín (ita). Akwai kuma jingau, wanda yake da sigogi biyu:

Sigar karɓau kai-tsaye: me, se, ton, tin, to a tilo, mas, sas, tus, tis, ta a jam'i.
Sigar mallaka: mu, su, tu, tis, tu a tilo, mas, sas, tus a jam'i.

Mutum na uku yana da sigogi uku saboda harshen na da jinsi uku: namiji da tamace da wanda ba ko ɗaya ba. Sigar mallaka kuwa aiki biyu take yi. Idan ta bi suna tana nuna mallaka, kamar to vivlío mu (littafina). Idan ta raɓi aikatau tana wakiltar karɓau kaikaitau, kamar mu ípe (ya gaya mini). Dalili shi ne tsohuwar sigar da ta keɓanta da karɓau kaikaitau ta ɓace daga bakin jama'a a zamanin Daular Rumawa ta Gabas. A kudancin Girka sigar mallaka ta gaje ta, a arewa kuwa, irin su yankin Tasalonika, sigar karɓau kai-tsaye ce ta gaje ta, shi ya sa a can ake jin me ípe a maimakon mu ípe.

Bambancin jerin biyu ya wuce tsawon kalma. Jingau ba ya zama amsar tambaya shi kaɗai, ba a haɗa biyu da mahaɗi, kuma ba a ƙarfafa shi:

(1) a. Pion ídhes? Aftín. "Wa ka gani? Ita."
b. *Pion ídhes? Tin.

3.0 Mazauni a Daidaitaccen Girkanci

3.1 Kafin Aikatau

Suna karɓau yakan biyo bayan aikatau, amma da zarar an maye gurbinsa da jingau, sai jingau ya koma gaban aikatau muddin aikatau ɗin yana ɗauke da lokaci da mutum:

(2) a. Vlépo ton Yáni. "Ina ganin Yani."
b. Ton vlépo. "Ina ganinsa."
c. *Vlépo ton.

Babu abin da ke shiga tsakanin jingau da aikatau, ko da bayanau ne. Sauran ƙananan kalmomin da ke rakiyar aikatau duk a bayan fage suke jeruwa, kowace da gurbinta: kalmar korewa dhen, sai alamar lokaci mai zuwa tha, sai jingau, sai aikatau. A jimlar buƙata ko fata kuwa na ce ke fara zuwa, sai kalmar korewa min, sai jingau:

(3) a. Dhen tha to dhiaváso. "Ba zan karanta shi ba."
b. Thélo na min to dhiavásis. "Ina so kada ka karanta shi."
c. To ékho dhiavási. "Na riga na karanta shi."

Misali na (3c) ya nuna cewa idan akwai aikatau mataimaki, shi jingau ke raɓa, ba babban aikatau mai ɗauke da ma'ana ba. Ke nan abin da yake nema shi ne inda lokaci da mutum suke.

3.2 Bayan Aikatau

Wurare biyu ne kacal jingau ke komawa ƙeya: a sigar umarni, da kuma sigar da ke ƙarewa da -ondas mai nuna aikin da ke gudana tare da wani.

(4) a. Dhiávasé to! "Karanta shi!"
b. Dhiavázondás to, kimíthika. "Ina cikin karanta shi barci ya ɗauke ni."
c. Min to dhiavásis! "Kada ka karanta shi!"
d. Na to dhiavásis! "Ka karanta shi!"

Abin lura shi ne (4c) da (4d) umarni ne a ma'ana, amma jingau yana gaba. Girkanci ba ya kore sigar umarni ta asali. Idan za a hana, sai a ɗauko sigar da ke nuna mutum a haɗa ta da min. Wannan ya tabbatar da cewa ƙirar aikatau ce ke juya jingau, ba manufar mai magana ba. Haka kuma ba korewa ce da kanta ke jan sa gaba ba, domin ko an kore siga mai -ondas jingau yana nan a ƙeya.

3.3 Haɗuwar Jingau Biyu

Idan jingau biyu suka haɗu gaban aikatau, kaikaitau ne ke fara zuwa. A sigar umarni kuwa ana yarda da jeri biyun:

(5) a. Mu to édhose. "Ya ba ni shi."
b. *To mu édhose.
c. Dhóse mú to! ko Dhós' to mu! "Ba ni shi!"

Akwai kuma wani takunkumi: idan an haɗa su, dole karɓau kai-tsaye ya zama mutum na uku.

(6) a. Tu ton sístisa. "Na gabatar masa da shi."
b. *Tu se sístisa.
c. Se sístisa s' aftón. "Na gabatar da kai gare shi."

Ma'anar (6b) ba ta da aibi, amma harshen bai yarda da ita ba sai an mayar da ɗayan katsattse kamar a (6c). Eulàlia Bonet ta fito da wannan takunkumi fili a 1991 daga harsunan da suka samo asali daga Latin, Elena Anagnostopoulou kuma ta faɗaɗa bayaninsa da hujjojin Girkanci a littafinta na 2003.

3.4 Shaidar Tsarin Sauti

A Girkanci nauyin furuci ba ya wuce gaɓa ta uku daga ƙarshen kalma. Kalmar aftokínito (mota) tana da nauyinta a gaɓa ta uku. Idan aka jingina mata mu, sai nauyin ya zama a ta huɗu, don haka harshen ke ƙara wani nauyi: to aftokínitó mu. Abin da ya faru ke nan a (4a) da (4b). Wannan yana nufin ƙa'idar furuci tana lissafa majingini da jingau a matsayin dunƙule ɗaya. A goshi ma akwai shaida: n ɗin ƙarshen ton yana nashe da baƙin da ya biyo shi, har ton píra (na ɗauke shi) ta fito kamar tom bíra.

Masu tsara rubutu ma sun ci karo da matsalar. Tun bayan sauƙaƙa alamomin rubutu a 1982, ba a sa wa kalma mai gaɓa ɗaya alama, sai a 'yan wurare. Ɗaya daga cikinsu shi ne inda za a rikita majingini: o patéras mu ípe na nufin "ubana ya ce", o patéras mú ípe kuwa "uban ya gaya mini". Kalmomin ɗaya ne, jerinsu ɗaya, ɓangaren da jingau ya karkata ne kawai ya raba ma'ana.

4.0 Ninkin Karɓau

Jingau yana iya zuwa tare da sunan da yake wakilta a jimla guda:

(7) a. Ton ídha ton Yáni. "Na gan shi, Yanin."
b. To vivlío to dhiávasa. "Littafin, na karanta shi."
c. TO VIVLÍO dhiávasa. "Littafin ne na karanta."
d. Tu Yáni tu arési i musikí. "Kiɗa yana burge Yani."

Ninkin yana da alaƙa da tsarin bayani. Galibi ana yin sa ne da sunan da mai magana da mai sauraro suka riga suka sani. Idan aka gabato da karɓau a matsayin batun zance, kamar a (7b), jingau ya zama tilas. Idan kuwa an gabato da shi don ƙarfafawa da ware shi daga wasu, kamar a (7c), jingau ba ya zuwa.

Wannan tsari ya zama ƙalubale ga ra'in da Richard Kayne ya gina a 1975 bisa Faransanci, cewa jingau yana farawa ne a gurbin karɓau sannan ya yi ƙaura zuwa gaban aikatau. Idan haka ne, ina sunan da ke (7a) ya sami gurbi? An yi ƙoƙarin warware wannan da cewa ninki ba ya yiwuwa sai an sa wa sunan wani harafi a gaba, kamar a na Sifaniyanci ko pe na Romaniyanci. Sai dai Girkanci yana ninki ba tare da wani harafi ba. Wannan na daga cikin hujjojin da suka ƙarfafa ra'ayin Dominique Sportiche na 1996, cewa jingau yana da nasa gurbi a ginin ganga tun asali, sunan kuma yana nasa. Ninkin karɓau sifa ce da Girkanci ya yi tarayya a kanta da maƙwabtansa na yankin Balkan, wato Albaniyanci da Bulgariyanci da Masedoniyanci da Romaniyanci.

5.0 Daga Farkon Jimla Zuwa Jikin Aikatau

A 1892 Jacob Wackernagel, masani ɗan ƙasar Siwizalan, ya nuna cewa a tsohon Girkanci da danginsa irin su Sanskirit, jingau yana son gurbi na biyu a jimla, ko mene ne ya zo na farko. Ga misalin da aka gina bisa wannan tsari:

(8) Kaí moi ho patḕr toûto édōken. "Kuma uban ya ba ni wannan."

A nan moi (mini) ya jingina da mahaɗin kaí, aikatau kuwa yana can ƙarshe. Alaƙar jingau da majingininsa ta furuci ce zalla, ba ta ma'ana ba.

Bayan yaƙe-yaƙen Iskandar Mai Girma, wanda ya rasu a 323 kafin haihuwar Annabi Isa, Girkanci ya zama harshen hulɗa a gabashin Bahar Rum. A rubuce-rubucen wannan zamani, ciki har da wasiƙun talakawa da aka tono a Masar, jingau ya fara yawaita daf da bayan aikatau. Geoffrey Horrocks ya danganta wannan da yawaitar jimloli masu farawa da aikatau: idan aikatau ne a farko, gurbi na biyu da bayan aikatau abu ɗaya ne, don haka masu tasowa suna iya fahimtar ƙa'idar ta sabuwar fuska. A wannan doguwar tafiya ce kuma sigogin ton, tin, to suka samu daga gutsurewar autón da danginsa, na ta fito daga hína, dhen daga oudén, tha kuma daga aikatau mai ma'anar so haɗe da na.

A adabin baka-da-rubutu na ƙarni na 12 zuwa na 16, jingau ya riga ya manne wa aikatau, amma ɓangaren da yake zama ya dogara da abin da ya gabata. Peter Mackridge ya fayyace waɗannan ƙa'idoji a 1993 lokacin da yake nazarin kwafin labarin Digenis Akritas da ke ajiye a Eskoriyal ta Sifaniya: idan aikatau ne ya buɗe ganga, jingau na bin bayansa, idan kalmar tambaya ko na ko kalmar da aka ƙarfafa ta gabata, sai ya dawo gaba. Batun ba na nahawu kaɗai ba ne. Mai tace tsohon rubutu da bai san ƙa'idar ba yana iya "gyara" abin da marubuci ya rubuta daidai, ya ɗora masa tsarin Atina na yau. Panayiotis Pappas ya sake bin waɗannan matani da ƙididdiga a littafinsa na 2004.

6.0 Shaidar Karin Harshe

Matakan da tarihi ya bi suna nan da rai a kare-karen harshen. Cleo Condoravdi da Paul Kiparsky sun kasa su gida uku a farkon shekarun 2000. Na farko ya ƙunshi Kubrus da wasu kare-karen gabas, waɗanda suka riƙe tsari mai kama da na tsakiyar zamani:

(9) a. Ípen mu to. "Ya gaya mini shi."
b. En mu to ípen. "Bai gaya mini shi ba."
c. Pcos su to ípen? "Wa ya gaya maka shi?"
d. Énna su to po. "Zan gaya maka shi."

A nan lokaci da mutum ba su ne ma'auni ba, domin aikatau ɗin (9a) da na (9b) ɗaya ne. Abin da ke gaban aikatau ne ke yanke hukunci. Tsarin ya yi kama da wanda Adolf Tobler da Adolfo Mussafia suka gano a tsohon Faransanci da tsohon Italiyanci a ƙarni na 19, da kuma na harshen Fotugal na yau. Kashi na biyu shi ne karin Fontus, na gaɓar Bahar Aswad, wanda akasarin masu magana da shi suka koma Girka bayan musayar jama'a da Turkiyya a 1923. A cikinsa jingau yana bayan aikatau a kowane hali, ko da korewa ko tambaya. Kashi na uku shi ne na daidaitaccen harshe.

Wannan bambanci yana da tasiri a aikace. Yaron Kubrus yana tashi da tsarin (9) a gida, ya tarar da tsarin (2) a makaranta. Binciken Kakia Petinou da Arhonto Terzi na 2002 ya nuna ƙananan yaran tsibirin sukan sa jingau a ƙeya har a wuraren da manya ke sa shi a goshi, kafin su daidaita. Wanda zai auna lafiyar harshen irin wannan yaro da ma'aunin Atina zai iya ɗaukar karin harshe a matsayin naƙasa.

7.0 Kalma ko Ɗafi?

Arnold Zwicky da Geoffrey Pullum sun ba da ma'aunai a 1983: ɗafi yana zaɓen majingini, yana da giɓin da ba a iya bayyana dalilinsa, kuma yakan haifar da ma'anar da ba a zata ba. Da irin waɗannan ma'aunai Brian Joseph ya kafa hujja a 1988 cewa jingau na Girkancin yau ɗafi ne. Yana da abin kamawa: jerin (5a) ba ya sauyawa, giɓin (6b) yana nan, ga kuma maganganu irin su ta ékhasa (na ruɗe) da ta katáfera (na yi nasara) inda ta ba ta wakiltar komai. Irene Philippaki-Warburton da Vassilios Spyropoulos sun mayar da martani a ƙarshen shekarun 1990 cewa kalma ce a ginin jimla, ko da ta narke a furuci.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne hujjojin ɓangare na biyu sun fi nauyi. Ɗafin da ke nuna aikau a Girkanci ba ya barin ƙeyar aikatau, kuma ba a iya sauke shi. Jingau kuwa yana sauya ɓangare, yana musayar jeri a (5c), kuma zuwansa ko rashinsa a (7) ya rataya ne ga tsarin bayanin jimla gaba ɗaya, abin da ƙirar kalma ba ta iya hangowa. Duk da haka, idan aka jera (8) da (9) da (2), a bayyane yake cewa 'yancinsa raguwa yake yi daga mataki zuwa mataki. Amsar tambayar ta dogara ga wane Girkanci ake nufi, na wane ƙarni da wane yanki.

8.0 Abin da Mai Nazarin Hausa Zai Ɗauka

Babu dangantakar asali tsakanin Girkanci da Hausa, amma ma'aunan suna aiki a kan rakaɓau irin su shi, ta, su. Ba ya zama amsa shi kaɗai: "Wa ka gani? Ita", ba *"Ta" ba. Ba a raba shi da aikatau: *"ya saye fa shi". Yana kuma shafar ƙirar majingininsa, kamar yadda tsarin giredi na F. W. Parsons ya nuna a saya, sayi, saye shi. Bambancin (7b) da (7c) ma yana nan daram a fassararsu ta Hausa. Sai dai Hausa ba ta tara rakaɓau biyu yadda Girkanci ke yi. Na biyun katsattse yake zama, shi ya sa ake cewa "ya nuna mini ita", ba *"ya nuna mini ta" ba. Haka kuma mazauninsa ba ya motsi da umarni ko korewa: saye shi, kada ka saye shi, ban saye shi ba.

Darasin da ya fi muhimmanci shi ne ƙa'idar rubutu ba hujjar nahawu ba ce. Muna haɗe littafinsa da masa, muna raba kama shi, Girkawa kuma suna raba dukkansu. Matsayin kowanne sai an gwada shi da ma'aunin furuci da na ginin jimla, a kuma kowane karin harshe daban.

9.0 Kammalawa

An ga cewa a daidaitaccen Girkanci ƙirar aikatau ce ke tantance mazaunin jingau, a Kubrus abin da ya gabaci aikatau ne, a Fontus mazaunin ba ya sauyawa, a tsohon harshe kuwa farkon jimla ne ma'auni. Waɗannan tsare-tsare huɗu rassa ne na sauyi guda, wato ƙaurar jingau daga gurbi na biyu zuwa jikin aikatau. Abin da ya rage ga manazarta Hausa shi ne su ɗauki waɗannan ma'aunai su bi da su ta Kananci da Sakkwatanci da Katsinanci da Damagaranci, domin a tantance ko rakaɓau matsayi ɗaya yake da shi a ko'ina.